Hira da Suruki

Tun ranar da Farfesa Liang ta mayar masa da babi na huɗu, Abdulrasheed bai sake zama wuri ɗaya ya ji daɗin zaman ba. In ya shiga ɗakin karatu sai ya ga ai ɗakinsa ya fi shiru, in ya koma ɗakin sai zafi ya kore shi, ya sauko ya zaga filin jami'ar da ke can Panyu, ya dawo bai san abin da ya fita nema ba. Shekararsa ta huɗu ke nan a Guangzhou yana digirin digirgir a kan sauyin yanayi da zaman al'umma, ga shi duk ɗawainiyar ta zo ta rataya a kan mutum ɗaya da ba ya iya duban ƙwayar idonsa.

Abin da Farfesa ta nema ba wani abu ba ne ga wanda ba Bahaushe ba. Ta ce babin ya yi kyau, an ji manoma, an ji matan da ke jan ruwa a rijiya, an ji masu masana'anta na nan China, amma ba a ji ɗan kasuwar da ke ɗauko injinan ya kai su can gida ba. Ta tuna masa cewa shi da hannunsa ya rubuta cewa kusan duk injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana da ke fadamar Kwarin Gamji ta hannun dila ɗaya ya shigo. To ina dilan? Ta ce kwamiti zai zauna ƙarshen wata, kuma ba za ta kai musu kundi mai giɓi irin wannan ba. Da ya ce mutumin yana da wuyar samu, sai ta tambaye shi ko ba ya zuwa baje kolin Canton da ake yi a nan Guangzhou. Abdulrasheed, da ƙarya ba ta zama a bakinsa, ya ce yana zuwa, yanzu haka ma yana gari. Ta yi murmushi ta ce ashe aiki ya zo da sauƙi.

Dilan nan kuwa Alhaji Maidaji ne, mahaifin matarsa Asma'u. Kuma Asma'u 'yar fari ce, wadda Alhaji ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce yarinyar nan, balle a zo ga mijinta. Tun da aka ɗaura auren, abin da ke tsakanin Abdulrasheed da surukinsa bai wuce gaisuwa ba. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya tambayi gajiya da iyali, Alhaji yana duban gefe yana amsawa, ya sa masa albarka, shi ke nan a tashi. Zuwa China bai sauya komai ba. Akwai ranar da Abdulrasheed na tsakiyar cin tuwo a wani ɗan gidan abinci a Xiaobei, sai ya jiyo muryar Alhaji a matakala, ya bar tuwon da nama a kai ya sulale ta ƙofar kicin. Mai abincin har yau in ta gan shi sai ta tambaye shi ko 'yan sanda ne suka biyo shi.

Ya gwada yi wa Farfesa bayani. Ta saurara da kyau, don mace ce mai son sanin al'adun mutane, ta ce su ma nan ana girmama suruki ƙwarai. Shawarar da ta ba shi ita ce ya sayi shayi mai kyau da 'ya'yan itace, ya zauna su sha tare, magana za ta zo da kanta. Ta ƙara da cewa ya rubuta dangantakar a babin hanyoyin bincike don kada a ce ya ɓoye. Abdulrasheed ya yi godiya ya fito. Su sha tare! Shi da ko ruwa bai taɓa kurɓa ba a gaban mutumin.

Da a ce yabo ne a cikin babin, da da sauƙi. Yabo ya fito yi da farko. Injin fetur yana da hayaƙi da tsada, rana kuwa kyauta ce, kuma a duk takardun da ya karanta ana cewa wannan ita ce mafitar manomin da damina ta daina cika masa alkawari. Sai da ya je gida ranin da ya wuce ya zauna a fadamar ya ga wani abu dabam. A da, fetur ne ke tsawata wa manomi, in ya ƙare dole a kashe inji. Yanzu babu mai tsawatawa. Tun hantsi ake kunna injinan, ba a kashewa sai rana ta yi sanyi, ruwa na malala har inda ba a shuka komai ba. Masu hali suka ƙara zurfin burtsatse suka sayi manyan injina, rijiyoyin cikin gari kuwa suka yi ta ja da baya, mata na ƙulla igiya kan igiya kafin guga ta taɓa ruwa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Duk ya auna, ya rubuta da Turanci mai kyau, ya karanta wa Sinawa da Turawa a taro har aka tafa masa. Da Hausa ne dai bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ya kira Asma'u a Kano ya zagaya ya zagaya, daga ƙarshe ya tambaye ta ko za ta iya nema masa lokaci wurin Baba. Ta yi dariya har da tari, ta ce ita da ko sunanta ba ya faɗa, ita ce za ta haɗa shi zama da mijinta? Ta ce hanya a bayyane take, a gaya wa Baffa Muhammad Sani, ƙanin Alhaji, shi zai san bakin da zai kai maganar da shi in Baba ya dawo gida. Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani. Amma Alhaji ba zai koma gida ba sai ya gama lodi, kafin nan kwamiti ya zauna ya tashi, kuma bizar Abdulrasheed da tallafin karatunsa duk a bana suke ƙarewa. Ya ce mata zai duba, ya kashe wayar, ya ɗauki jakarsa ya nufi tashar metiro, jirgin ƙasa na cikin gari, ba tare da ya yanke inda za shi ba.

A Xiaobei ya sauka, ƙafarsa ta kai shi Dengfeng. Layin yana nan yadda ya saba, masu waya, masu canji, ƙamshin soyayyar albasa, Sinawa 'yan tireda na kiran duk baƙar fata da aboki. A saman wani shagon waya ofishin Hajiya Abibata yake, 'yar zangon Kumasi, wadda ta shekara da shekaru tana tura wa mutane kaya Tema da Legas, kuma ita ke yi wa Alhaji Maidaji lodi. Abdulrasheed ya wuce ƙofar, ya dawo, ya sake wucewa, ya tsaya duba cajar da ba ya bukata. Mai karatu in zai yi wauta sai ya fara jera mata dalilai. Ya ce wa kansa ai babba ce, ai Hajiya ce, ai Alhaji na ganin girmanta, kuma iso kawai za ta nema masa. Da ya gama shawo kan kansa sai ya hau.

Ya same ta da waya a kowane kunne, tana zazzaga wa wani lawban, wato mai masana'anta, faɗa da Sinancin kasuwa, tana rarrashin wani ɗan Tamale a ɗaya kunnen. Da ta gama ta ji abin da ke tafe da shi, sai ta kwashe da dariya har tana dukan tebur.

"Wannan kunya naku na Kano zai kashe ku," in ji ta da Hausarta ta zango. "Mutum ya ba ka ɗiyanshi, kuma ba ka iya gaya mishi magana? To me za ka tambaye shi?"

Nan ne ya yi kuskuren. Da ya ce mata tambayoyin makaranta ne kawai, da an wuce wurin. Amma abin ya daɗe yana cin sa, ga kunne ya samu mai jin Hausa wanda ba na gida ba, sai bakinsa ya kwance. Ya gaya mata komai, injinan da ba a kashewa, burtsatsen masu hali, matan da ke ƙulla igiya, har da taron da ya karanta wa Sinawa da Turawa. Ya yi magana har shayin da aka kawo masa ya huce. Da ya sauko sai ya ji jikinsa sakayau, har ya sayi rake a bakin tasha, abin da ya daɗe bai yi ba.

Bai kai Panyu ba wayarta ta shigo. Ta ce an gama, gobe bayan azahar ya je otel ɗin da Alhaji ya sauka a Sanyuanli. Ya yi mamakin saurin, ya tambaye ta yadda ta yi. Ta ce ai ba wuya, a sito ta same shi ana ɗaure kaya, shi da wasu abokansa 'yan Kano, ta ce masa surukinka mai karatu ya ce injinanka sun shanye ruwan garinku, har ya gaya wa Sinawa da Turawa a taro, yana son ya tambaye ka don ya sa a littafi. Ta faɗa da jin daɗin wanda ya yi aikin lada. Abdulrasheed ya tambaye ta abin da Alhaji ya ce. Ta ce ya dai ci gaba da duban kwalaye, can ya ba da lokaci. Raken ya fita daga ransa, ya riƙe shi a hannu har tashar ƙarshe.

Washegari tun da safe ya kasa komai. Ya goge riga ya canza ta, ya jera tambayoyinsa ya sake jera su, ya cire mai zafin ya mayar. Ya ɗauki waya zai kira Asma'u ya ajiye. Ya yi tunanin ya aika a ce ba shi da lafiya, sai ya ga wannan ya fi komai muni, a kira ka ka ƙi zuwa. A cikin jirgi ya kasa zama duk da akwai wuri, ya sauka tasha ɗaya kafin tasa, ya ƙarasa da ƙafa ta cikin kasuwar tufafi, ana ta ture shi da kura cike da dilolin kaya. Hadari ya haɗu ya ƙi zubowa, gumi ya jiƙa rigar da ya ɓata safiya yana gogewa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma abin da yake tsammani faɗa ne. Har ya shirya yadda zai sunkuyar da kai ya shanye.

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Ya yi sallama ya sunkuya zai kwance takalmi.

"Bar takalminka," in ji Alhaji. "Shigo, Malam Abdulrasheed. Ga kujera."

Bai taɓa jin sunansa a wannan bakin ba. Ya ɗago kai don ya tabbata, sai ya tarar Alhaji na dubansa ido cikin ido, fuska a sake, irin yadda yake duban mai masana'anta in za a yi ciniki. Ɗakin ƙarami ne, gado da tebur da kujeru biyu, samfurin inji ɗaya a jingine da bango. Abdulrasheed ya nemi ya zame ƙasa, Alhaji ya sake nuna masa kujerar, bai sauke hannu ba sai da ya zauna. Daga nan ya zuba shayi kofi biyu, ya tura masa ɗaya da farantin dabino, ya ɗauki dabino ya ci a gabansa. Ya ce ya ji ana ɗaukar murya a irin wannan aiki, a kunna, shi ba shi da abin ɓoyewa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abdulrasheed ya kunna rakoda, ya karanto tambayar farko yana duban takarda. Alhaji ya amsa, ya amsa ta biyu, ya amsa har waɗanda ba a tambaye shi ba. Ya ba da labarin yadda ya fara, lokacin da manoma ke barin tumatir ya ƙone a gona saboda fetur ya gagara. Ya ce shekarar farko har gida aka riƙa zuwa yi masa addu'a. Ya ce manoman ne da kansu ke neman manyan injina, don kowa na ganin na maƙwabcinsa ya fi nasa amai, kuma yanzu in ka tambayi lawban ƙananan sai ya kaɗa kai ya ce meyo, babu, an daina yi. Ya ce shi ma ya ga rijiyar gidan mahaifiyarsa ta ja baya, ya ɗauka ƙarancin damina ne, ya sa aka haƙa musu burtsatse. Magana ce tsararriya, mai kan gado, irin wadda ɗalibi ke mafarkin samu. Wani ɓangare na zuciyar Abdulrasheed har yana lissafin inda kowace jimla za ta zauna a babin, ɗaya ɓangaren kuwa yana jin kunyar wannan lissafi.

Da tambayoyin suka ƙare sai Alhaji ya ce saura tasa.

"Abin da matar nan ta faɗa a sito, gaskiya ne?"

Abdulrasheed ya nemi hanyar zagaye ya rasa. Ya ce damina ta ragu, wannan ba laifin kowa ba ne a garin. Amma ruwan da ke ƙasa ana jansa fiye da yadda yake komawa, kuma injinan ne ke jansa, musamman manyan.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranin da ya wuce, Baba."

Alhaji ya juya kofin shayinsa a kan tebur. Ya ce bayan ranin nan ya yi lodi, ya sake yi, duk manya. Ya ce a ranin nan Abdulrasheed ya zo gidansa ya gaishe shi, ya zo sallama da zai dawo China, ga Muhammad Sani kullum a ƙofar gida, ba wanda ya ce masa uffan. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Da ta hanyar gida maganar nan ta zo mini, da na ji ta a matsayin uba, in kira ka ta bakin ƙanina mu san abin yi. Amma sai da Sinawa suka ji, Turawa suka ji, sannan ni na ji a sito, a bakin mai yi mini lodi, a gaban abokan kasuwata. To tunda ta hanyar makaranta ta zo, na amsa maka a matsayin ɗan kasuwa. Ina fata amsar ta wadatar."

Abdulrasheed ya buɗe baki zai ce kunya ce ta hana shi, sai ya ji maganar ba ta da ƙafar tsayawa. Kunyar da ta hana shi gaya wa mutum ɗaya ba ta hana shi gaya wa duniya ba. Ya ce a yi masa aikin gafara. Alhaji ya ce ba komai, bincike ai aikinsa ne, kowa da sana'arsa. Batun kayan da ke sito kuwa, ya ce zai yi tunani, wannan tsakaninsa ne da mutanen garinsu da Ubangijinsa. Ya tambaya ko akwai saura. Babu saura.

Alhaji ya miƙe ya raka shi har bakin ƙofa. Abdulrasheed ya tanƙwasa gwiwa zai durƙusa, Alhaji ya riga shi miƙo hannu, ya kama nasa ya riƙe da ƙarfi yadda ba halin sauka ƙasa. Ya girgiza hannun, ya yi masa fatan nasara a jarrabawa, ya ce in malamarsa na da ƙarin tambaya ƙofa a buɗe take. Sannan ya saki, ya koma ciki.

Ruwan ya sauko kafin ya kai titi. Ya raɓe a rumfar wani mai sayar da akwatuna, mutane na ta gudu da kwali a ka. Hajiya Abibata ce ta fara kira, ta ji yadda aka yi, ta ce ka gani, ashe mutumin kirki ne, har da shayi, yanzu kun zama abokai sai ka gode mini. Ya gode mata. Ya tura wa Farfesa Liang saƙo cewa an yi hirar, ta amsa nan take da murna, ta ce ya fara rubutawa tun abin yana da zafi. Babin ya samu, kundin zai shiga kwamiti, abin da ya shekara huɗu yana bi ya zo hannu. Ya tsaya yana jiran farin cikin ya iso, baƙin ciki ne ya cika masa ƙirji.

Yana nan tsaye Asma'u ta kira. Ashe labari ya riga ya kai Kano, matar ɗaya daga cikin abokan Alhaji ta gaya wa Umma, mahaifiyar Asma'u, cewa an yi wata magana a sito. Muryarta a ɗarare take. Ya gaya mata ya je, Baba ya amsa komai.

"Ya yi maka faɗa ko?" ta tambaya. "Ka yi haƙuri, in ya yi faɗa ya huce ke nan, haka yake."

"Bai yi faɗa ba. Kujera ya ba ni. Da zan tafi ya ba ni hannu."

Yana jiyo kukan awaki da ƙarar babur daga can gida.

"A tsaye?" ta ce a hankali.

"A tsaye."

Sai ya ji ta fara kuka.